Kindirmon da Ya Ƙi Kamawa

Na dawo Sakkwato daga Denmark da akwatin kaya ɗaya da wata 'yar kwalba wadda ban yarda ta bar aljihuna ba har na sauka daga jirgi. Ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. A cikinta akwai wani farin gari mai kama da toka, amma rayayye ne: ƙwayoyin bakteriya ne da aka busar, irin waɗanda ke mai da madara kindirmo. Shekara biyu na yi ina koyon kiwonsu a wani ƙauyen sanyi, bayan 'yan watannin da na yi a Indiya da Sudan ina duba yadda suke sarrafa madararsu. Na dawo da Turanci da ɗan Larabcin kasuwa da Danisancin da ya ishe ni yin gardama, da kuma tabbacin cewa babu wanda ya fi ni sanin madara a faɗin garin nan.

Lokacin kuɗin mai ya shigo, soja ke mulki, kowane wata sai ka ji an buɗe wani sabon abu. An gina ƙaramin kamfanin madara a bayan gari, wajen da Sama Road ta ratsa yanzu, aka ba ni sashen kindirmo. Tankuna uku ne na farin ƙarfe, kana ganin fuskarka a jikinsu. Kullum da safe nakan taso daga Tudun Wada a kan babur, in tarar da matan Fulani sun riga ni, sun jera ƙoren madara a inuwar bango.

Manajanmu tsohon malamin makaranta ne, abokin mahaifina tun suna zama rumfa ɗaya a kasuwar tufafi. A gida Baba nake ce masa, a ofis Yallaɓai. Shi kuwa ɗan Alhaji yake kirana ko'ina. Matan da ke kawo madara kuma suna da shugabarsu, wata dattijuwa doguwa mai kaifin baki daga rugagen Arkilla, lokacin Arkilla daji ce da shanu. Kowa Inna yake ce mata. Ni kuwa tun ranar farko ta sa mini suna Kaɗon Turai, wato Bahaushen Turai a bakin Fulani, domin ranar ce na kafa doka cewa kada ƙwarya ko ludayi su ƙetare ƙofar sashena. A juye madara a bokitinmu a waje, mu dafa ta, mu zuba mata irinmu. Iri shi ne ɗan abin da ake ɗiba daga kindirmon jiya a zuba a madarar yau domin ta kama. Nawa tatacce ne, jinsi ɗaya tak, babu gauraye, kuma ina alfahari da haka.

Watannin farko kindirmonmu ya yi suna. Yana da kauri, ba ya sauya ɗanɗano, na yau daidai da na jiya. Sai wata safiya ta bazara na ɗaga murfin tanki na tsoma ludayin ƙarfe, ya nutse kamar a rijiya. Madara tana nan ruwa yadda muka bar ta. Washegari tanki na biyu ya bi sahu.

Manaja ya fito waje ya tsaya a kan matan.

"Inna, ku ji tsoron Allah. Ruwa kunka zuba, ko shanun nan an yi musu allura ba ku hwaɗa ba?"

Inna ko tashi ba ta yi ba. "Malam, madarar da munka kawo maku ita munka bari gida, saniya guda, hantsa guda. Tawa ta kama tun kahin hantsi. Ka tambayi Kaɗon Turai mi ya yi ma tashi."

Matan suka kwashe da dariya. Na koma ciki kunnuwana suna zafi, amma maganarta ta tsaya mini. In madara ɗaya ce, to laifin yana cikin ɗakina.

Nan na tuna wani tsohon malaminmu na Denmark, wanda ya taɓa cewa bakteriya ma tana da cutarta. Akwai wani bairos, ƙanƙane ainun har madubin ɗakin gwaji ba ya nuna shi, wanda ba ruwansa da mutum ko saniya, bakteriya kawai yake ci. Yakan shiga cikinta ya hayayyafa, ta fashe, 'ya'yansa su bazu su kama na kusa. A aji na rubuta wannan ina hamma. Yanzu sai na ɗauko 'yan farantan gilashi masu murfi, na zuba musu abincin bakteriya, wani abu mai kama da daskararren koko, na shimfiɗa lafiyayyen irina a kai. Na ɗebi ruwan tankin da ya lalace, na tace shi da matatar da bakteriya ba ta iya ratsawa, na ɗiga a kan farantin.

Da na buɗe da safe, sai ga farantin ya yi fari fat da bakteriya, amma cike da ramuka, zagaye-zagaye, garau, kamar an bi shi da tsinke. Kowane rami wurin da bairos ɗaya ya sauka ne ya cinye abin da ke kewaye da shi. Wallahi ban san lokacin da na fita da gudu ba. Na faɗa ofishin manaja ko sallama ban yi ba, farantin a hannuna.

"Yallaɓai, ga shi! Ga ɓarawon! Dubi ramukan nan!"

Ya sauke tabarau ya duba farantin, ya dube ni. "Ɗan Alhaji, tanki biyu munka zubar, kai kuma kana murna awa wanda anka yi ma haihuwa?"

Gaskiyarsa ne, murna nake yi. Abin da na karanta a ƙasar da rana ba ta fitowa sosai, ga shi a hannuna a Sakkwato, cikin zafin da ke narkar da kwalta. Kuma abin da ya biyo baya ya fi wannan daɗi. Na manta farantin a kan tebur kwana biyu. Da na koma, sai na ga a tsakiyar wasu ramukan, inda komai ya mutu, wasu 'yan ɗigo-ɗigo farare sun tsiro. Waɗansu ƙwayoyin sun tsira, suna zaune a tsakiyar maƙiyinsu suna hayayyafa, ya kasa taɓa su. Na tsince su da bakin waya, na rene su a kwalba, na zuba musu bairos ɗin da gangan. Ko gezau. Na zuba su a tanki, madara ta kama.

Ranar na tsaya gaban matan na ce an gama, na samo irin da cuta ba ta kamawa. Inna ta ɗanɗana, ta lashe leɓe.

"Ya yi. Kwana nawa za shi yi?"

"Har abada, Inna."

"To, Allah shi kai mu."

Tambayarta ce ta sa na fara jan layi da alli a bango bayan ƙofa, layi ɗaya kowace safiyar da madara ta kama. Niyyata in cika bangon in kira ta ta gani. Na ja layi arba'in da ɗaya. Safiya ta arba'in da biyu ludayi ya sake nutsewa.

Na maimaita gwajin, ramuka suka sake fitowa. Da yake na ajiye ruwan tankin farko a firji, sai na gwada duka biyun a kan jaruman nawa. Tsohon bairos har yanzu bai iya da su ba. Sabon kuwa yana cin su, yana cin kakanninsu na kwalbar Denmark. Wato ba garkuwarsu ce ta lalace ba, tana nan daram, maƙiyin ne ya sake kama. A cikin ɗakin nan nawa, cikin sati shida, wata halitta ta sauya ta zama wata, ina tsaye ina jan layi a bango. Na zauna a kan bokiti ina ta dariya ni kaɗai.

Na sake tsintar waɗanda suka tsira. Layukansu suka tsaya a goma sha tara. Na uku suka yi goma sha ɗaya, kuma ko a kwanakin nan ragwaye ne, sai madara ta wuce lokacinta kafin ta yi tsami, kamar ɗaukar garkuwar ta cinye musu ƙarfi. Dariyata ta fara raguwa.

Ana haka manaja ya dawo daga taro ya rufe ƙofa. Shugaban hukumar kamfanin wani hafsan soja ne, mutum mai gajeren zance. Ya ce in har ƙarshen wata kindirmo bai daidaita ba, a rufe sashen, a mai da ginin wurin ajiye madarar gwangwani da ake shigowa da ita ta jirgin ruwa. Lokacin komai daga waje ake kawowa, ba wanda zai yi kewar tankuna uku. Ni zan koma wani ofis in riƙa sa hannu a takardu, matan Arkilla kuma su koma yawo da ƙwarya a ka cikin rana.

"Baba, a ƙara mini wata ɗaya."

"Nan ofis ne, ɗan Alhaji. Kuma soja ba shi ƙara wata."

Na fito na tarar da Inna tana ɗaure faifai a kan ƙwaryarta. Na durƙusa kusa da ita, abin da ban taɓa yi ba.

"Inna, ke taki madarar ba ta taɓa ƙin kamawa ba?"

"Tana ƙi mana. Wa ad da madarar da ba ta ƙi?"

"To me kike yi?"

"Yau kuma Kaɗon Turai ka tambaya ta? Ku zo ku gani, 'yan uwa!" Ta bari matan suka gama dariya, sannan ta ce, "Taho Arkilla ran Juma'a da hantsi. Ka bar farar rigan nan taka gida, kar ka firgita muna maruƙa."

Na je. Na ajiye babur gindin wata bishiya, aka shimfiɗa mini tabarma a gefe. Abin da na gani ba wani abin ɓoye ba ne, kowace Juma'a suna yinsa, ni ne dai ban taɓa tambaya ba. Mata suna fitowa daga bukkoki, kowacce da ludayi rufe da ɗan faifai, suna ratsa juna. Wannan ta kai wa waccan irinta, ta karɓo na wata. Ba mai ci gaba da irin gidanta kaɗai in Juma'a ta zagayo. Inna ta ce iri yana gajiya da gida ɗaya. In kuma madarar mace ta ƙi kamawa, ba ta zuwa maƙwabciyarta ta kusa, domin abin da ya sami wannan ya kusa samun waccan. Sai ta tafi ruga mai nisa, ko ta aika gidan uwarta. Ƙwaryar da ta ƙi kuma a wanke ta, a kife ta a rana a kan rumfa, a manta da ita har wata ya wuce, sannan a dawo da ita aiki.

"Wa ya koya maku wannan?"

"Wa ya koya maka shan nono?"

Ina zaune a tabarmar nan abubuwa suka riƙa haɗuwa a kaina. A Indiya na ga matar gidan da na sauka ta aiki a karɓo mata cokalin iri daga gida na uku, alhali tana da nata, na ɗauka zumunci ne kawai. A Sudan makiyaya suna da salkar madara fiye da ɗaya, suna hutar da wata. A Denmark ɗin ma, a babban kamfanin da muka ziyarta, na ga kwalabe masu lamba jere a firji, yau a ɗauki wannan, gobe waccan, ban tambayi dalili ba saboda ina sauri in ga injuna. Kowa ya san abin nan sai ni. Na ɗauki jinsi ɗaya na tsayar da shi wuri ɗaya, kullum shi, kullum a tanki ɗaya, na ba maƙiyi duk lokacin da yake bukata ya koyi hanyar shiga. In na samo mai garkuwa, sai in sake tsayar da shi shi kaɗai har a koye shi. Irin Inna kuwa taron jinsuna ne, in an kashe wani, wani ya riƙe madarar, kuma kafin maƙiyi ya gama sanin na wannan satin, an sauya masa.

Na miƙe tsaye ina bayani da hannuwa, Hausa tana gauraya da Turanci. Inna ta dubi matan. "Na ce maku rana tana taɓa su in sun daɗe can."

Na roƙi ludayi ɗaya daga gida bakwai, har da wata ruga da sai da na tura babur cikin yashi kafin na kai. Kafin in tafi Inna ta riƙe hannun babur ɗin.

"Ka san ƙa'ida? Wanda ya amshi iri shina maido nashi. Ba a ci a shanye."

Na ce na ji, hankalina yana kan kwalaben da ke cikin jakata.

Kwana goma sha biyun da suka biyo baya ban taɓa jin daɗin aiki kamarsu ba. Na shimfiɗa irin kowane gida a faranti, sai ga su iri-iri, wasu ɗigon manya, wasu ƙanana, wasu masu yauƙi. Na ware waɗanda ke tsamar da madara da kyau, na tabbatar babu mai cutar da mutum a ciki, sannan na ɗiga wa kowanne bairos ɗina guda huɗu da ke firji. Yawancinsu ko rami ɗaya bai fito ba. Maƙiyin da ya gagare ni bai ma san ƙofarsu ba. Na haɗa su gida-gida, na sa wa kwalabe lamba. Na kwashe wurin renon iri daga kusa da tankuna na mai da shi wani ɗaki can ƙarshen gini, domin na gane ruwan wankin tanki da muke fesawa shi ke yayyafa cutar ko'ina. Na daina ɗibar irin gobe daga tankin yau.

Manaja ya leƙo ya ga ludayin duma a kan teburina, ludayin da ni da kaina na hana shi shiga.

"Gwamnati ta kai ka Turai shekara biyu, ka dawo muna da ludayin Arkilla?"

"Yallaɓai, da can na fara zuwa da ban kai shekara biyu ba."

Ya girgiza kai, amma ya sa hannu aka ba ni ɗakin.

Muka fara juyi: kowace kwalba ta yi kwana uku ta huta, wata ta karɓa. Madara ta kama, ta sake kamawa. Ɗanɗanon ya daina zama ɗaya kullum, na Litinin ya fi na Alhamis tsami, abin da da can zan kira aibi. Ranar ƙarshen wata hafsan ya zo da rana tsaka, ya ƙi zama. Na ɗaga murfin tanki, na tsoma ludayi, ya tsaya cak a tsakiya. Aka zuba masa a kofi. Ya shanye, ya miƙa kofin aka ƙara.

"Wannan irin na gidanmu ne," in ji shi. "Na da ɗin nan kamar magani yake. A ci gaba."

Ya shiga mota ya tafi. Manaja ya zauna a kan matakala ya cire hula yana fifita da ita.

Ban daina jan layi ba, sai dai yanzu kowace kwalba da nata layin. Babu wadda ta dawwama. Wata takan yi watanni, wata ta faɗi da wuri, in tsinci waɗanda suka tsira in ajiye ta gefe. Abin da ya fi ba ni mamaki, kwalbar da ta faɗi, in ta daɗe a firji na dawo da ita, sai ta yi aiki, domin maƙiyinta ya rasa abinci ya ƙare a ɗakin. Ƙwaryar Inna ke nan da ake kifewa a rana. Bayan shekaru masu yawa, na riga na yi ritaya, 'yata da ta karanci wannan fanni ta gaya mini an gano cewa wasu bakteriya sukan yanki ɗan guntun jikin bairos su adana a nasu jikin, su gane shi in ya dawo, su gadar wa 'ya'yansu, shi kuma ya sauya daidai wurin da aka yanka ya dawo a baƙo. Ban san ko haka nawa suka yi ba, ba ni da abin dubawa a lokacin. Na dai tambaye ta ko an gano kwana nawa garkuwar ke yi. Ta ce ya danganta da yawan jinsunan da ke zaune tare. Na ce mata wannan na ji shi a Arkilla.

Juma'ar da ta biyo bayan zuwan hafsan, na tarar da Inna tsaye a bakin ƙofar sashena, daidai inda dokata ta ce ƙwarya ta tsaya, da ludayi a hannu.

"Kaɗon Turai, gida bakwai ka amsa. Ina namu?"

Na manta sarai. Na shiga na ɗauko jikokin 'yar kwalbar da na riƙo a aljihu tun daga Denmark, waɗanda suka sha yaƙi uku, bayan na tabbatar babu bairos a cikinsu. Na cika mata ludayin. Ta shinshina, ta taɓa da yatsa ta kai baki.

"Rago ne," ta ce. "Amma bari shi zauna cikin mutane, shi koyi hali."

Ta rufe shi da faifai, ta ƙetare ƙofar ta shigo ciki ba tare da ta tambaye ni ba, ta tsaya gaban bango tana duban layukan alli.

"Wanne ne na har abada ɗin?"